Babi na Bakwai: Ciro Jadawali Daga Mazauninsa

Tun zamanin da Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya tsara zijinsa a Bagadaza cikin ƙarni na 9 na Miladiyya, wato littafin nan mai ɗauke da jadawalan tafiyar rana da wata da taurari, ma'abota hisabi suka gane cewa babu wani nau'in rubutu da ya kai jadawali saurin lalacewa a hannun masu kwafi. Dalili kuwa a fili yake, domin a irin waɗannan littattafai da haruffan abajada ake rubuta adadi, jim uku ne, ha ƙarami takwas, ya goma, nun hamsin, ta yadda ɗigo ɗaya da ya ɓace, ko ya sauka ba a muhallinsa ba, ya isa ya mai da uku takwas ko goma hamsin. Kuskuren da ya faɗa cikin jimla yana da masu tona masa asiri, gama kalmomin da ke gabansa da na bayansa ba za su zauna da shi lafiya ba, har mai ɗan sanin nahawu ya tsaya ya ce akwai magana a nan. Amma adadin da aka gurɓata cikin jadawali yakan zauna a gurbinsa cikin natsuwa, da kamanni irin na ingantacce, babu wata ƙa'idar lugga da za ta kai ƙararsa.

Kwamfuta ta raba mu da wannan illa, gama ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi, kuma ba ta mai da uku takwas ko da ta kwafi adadin sau dubu. Sai dai ta bar mana wata illa ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farkon hatsari saboda ɓoyuwarta. Kowane adadi a jadawali da abu biyu yake samun ma'anarsa, wato sahun da yake kwance a ciki da ginshiƙin da yake tsaye a ƙarƙashinsa. Idan an ga 412 a mahaɗar sahun wani gari da ginshiƙin yawan rijiyoyi, an samu labari. Idan kuwa adadin nan ya gusa da gurbi ɗaya zuwa hagu, ya faɗa ƙarƙashin yawan makarantu, to, ba a canza masa ko ɗigo ba, amma ya zama shaidar zur. Duk dabarun da za mu ambata a wannan babi, tun daga jan linzami har zuwa rubuta umarni, manufarsu ɗaya ce: a ɗauko adadi tare da gurbinsa.

Kwafa da mannawa kamar yadda muka san su a yau sun samo asali ne daga aikin Larry Tesler da abokin aikinsa Tim Mott a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1970. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, idan mutum ya zaɓi jadawali a shafin intanet ya ce a kwafa, na'urar takan ajiye shi a ma'ajiyarta ta wucin gadi da siffa fiye da ɗaya, akwai mai ɗauke da alamomin sahu da gurbi, akwai kuma tsurar rubutu, sa'an nan manhajar da aka manna a cikinta ita ce ke zaɓar siffar da ta iya karantawa. Shi ya sa jadawali ɗaya zai sauka a Excel kowane adadi a ɗakinsa, ya kuma sauka a wata manhajar a cakuɗe, har mai aikin ya zaci hannunsa ne ya kuskure, alhali kuwa manhajojin ne suka saɓa wajen riwaya.

Kafin ma a kai ga mannawa, zaɓin kansa wurin zamewar ƙafa ne, kuma manyan malamai ba su tsira daga gare shi ba. A shekarar 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa wani bincike da ya nuna cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa a shekara, tattalin arzikinsu ba ya haɓaka, har ma yakan ɗan ja baya da kashi 0.1 a matsakaicin lissafi. Kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan magana wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, mai suna Thomas Herndon, bayan ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin bai dace ba, ya roƙi fayil ɗin asali, aka ba shi, sai ya tarar cewa sa'ad da aka zaɓi sahu-sahun da za a fitar da matsakaicinsu, zaɓin ya tsaya kafin ƙarshe, an bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, da Ostiriya, da Beljiyam, da Kanada, da Denmak. Adalci ya wajabta a faɗa cewa ba wannan kaɗai ne abin da shi da malamansa biyu suka soka ba, akwai saɓani kan bayanan da aka ajiye gefe da kuma yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, kuma sai da suka gyara duka ne adadin ya koma haɓakar kashi 2.2. Amma sahu biyar ɗin nan babu jayayya a kansu, masu binciken da kansu sun amsa.

Wanda ya fara wannan sana'a, nasihata gare shi ita ce ya saba da manhajar gyaran tsurar rubutu, irin wadda ba ta ƙawata komai, ba ta kuma ɓoye komai. Fa'idarta ta farko ita ce tana iya bayyana haruffan da ido ba ya gani, a bambance tsakanin sarari na madannin tazara da na madannin Tab, a kuma ga inda kowane layi ya ƙare, abubuwan da su ne ƙashin bayan jadawali idan an tuɓe masa ado. Fa'ida ta biyu ita ce zaɓi a tsaye. A bisa al'ada linzami yana bin rubutu ne layi bayan layi kamar yadda mai karatu ke bi, amma a Notepad++, wadda Don Ho ya fitar a 2003, idan mutum ya danne Alt yana jan linzami, sai zaɓin ya zama murabba'i, ya yanko ginshiƙi guda daga sama har ƙasa ya bar maƙwabtansa. A Vim kuwa, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991 bisa tafarkin tsohuwar vi, da Ctrl da V ake shiga wannan hali. Sharaɗin ingancin wannan dabara shi ne ginshiƙan su kasance a miƙe, kowanne ya fara a harafi na kaza a kowane layi, domin wuƙar ba ta san inda adadi ya fara ko ya ƙare ba, inda aka ɗora ta nan take yankawa, kuma idan wani adadi ya fi 'yan'uwansa tsawo sai ta sare masa kai, 12,500 ya koma 2,500.

Idan sahu-sahun sun kai dubbai, hannu ba ya wadatarwa, sai a koma ga kayan aikin da aka ƙera a ɗakunan binciken Bell a jihar New Jersey, inda tsarin Unix ya fito. Mafi shahararsu a wannan fage shi ne awk, wanda Alfred Aho da Peter Weinberger da Brian Kernighan suka tsara a 1977, kuma har yau yana nan a kusan kowace na'ura mai Linux ko macOS. Hikimarsa ita ce yana ɗaukar kowane layi a matsayin sahu, ya rarraba shi gurbi-gurbi, ya kira na farko $1, na biyu $2, har zuwa ƙarshe, ta yadda umarni ɗaya da bai cika rabin layi ba ya isa ya zaro ginshiƙi na uku daga fayil mai sahu miliyan, ko ya tara jimillarsa kafin mutum ya gyara zama. Sai dai idan ba a faɗa masa wata alama ba, da sarari yake rarrabawa, kuma a nan ne sunayen garuruwanmu ke ba shi wahala. A ɗauki jadawalin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano: Bichi da Gaya da Rano kowanne kalma ɗaya ne, amma Dawakin Tofa da Tudun Wada da Rimin Gado kalmomi bibbiyu ne, don haka a sahunsu awk zai ƙidaya rabin sunan a matsayin gurbi na biyu, dukan adadin da ke biye su gusa da mataki ɗaya, a tara yawan mata cikin ginshiƙin maza, kuma ba zai ce uffan ba, tunda ya aikata abin da aka umarce shi.

Maganin wannan yana cikin abin da ake kira ƙa'idar siffa, wato hanyar nemo rubutu ta bayyana kamanninsa maimakon ambaton lafazinsa, wadda masanin lissafi Stephen Kleene ya aza harsashinta a shekarun 1950, Ken Thompson kuma ya shigar da ita cikin manhajojin gyaran rubutu a ƙarshen shekarun 1960. Sai a ce wa na'ura, duk inda ta ga sarari biyu ko fiye a jere ta musanya su da Tab guda, ta ƙyale sarari ɗaya tilo. Da haka, idan aka ce wa awk ya rarraba da Tab, sai Tudun Wada ya zauna a gurbi ɗaya. Amma akwai mushkilar da wannan ba ya warwarewa, ita ce gurbin da aka bari wayam. Idan wani gari ba shi da adadi a ginshiƙi na uku, sararin da ke wurin zai haɗe da na gefensa, na huɗu ya zo ya zauna a kujerar na uku. A irin wannan hali babu makawa sai an yanka bisa matsayin haruffa, daga harafi na kaza zuwa na kaza, kamar yadda umarnin cut ke iya yi. Shi awk kuwa yana da ma'aunin da ake kira NF, mai faɗin yawan gurbin kowane sahu, kuma wajibi ne mai hankali ya tambaye shi tun da fari ko dukan sahu-sahun sun yi daidai da juna.

Siffar da aka fi musayar jadawali da ita a duniya ita ce CSV, wadda ba komai ba ce illa tsurar rubutu, kowane sahu a layinsa, waƙafi kuma yana raba gurbi da gurbi. An shafe shekaru masu yawa ana amfani da ita kowa bisa ijtihadinsa, sai a 2005 aka rubuta takardar RFC 4180 don tattara abin da aka fi yin ittifaƙi a kai, ciki har da cewa duk gurbin da ke ɗauke da waƙafi a cikinsa a kewaye shi da alamar zancen wani. Muhimmancin wannan ƙa'ida zai bayyana ga wanda ya tuna cewa mu a Nijeriya da waƙafi muke raba dubbai, mu rubuta 1,250,000, adadin da wuƙar da ba ta san ƙa'idar ba za ta datsa gida uku. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, bisa al'adar rubutun Faransa, da waƙafi suke nuna ɓangaren adadi inda mu muke sa aya, saboda haka fayilolin da ke fitowa daga na'urorin da aka saita da Faransanci galibi da waƙafi mai ruwa suke raba gurbi. Mai tattara farashin gero daga kasuwar Maraɗi da ta Dawanau, idan bai san wannan ba, zai iya karanta 2,500 a matsayin dubu biyu da ɗari biyar a inda marubucin ke nufin biyu da rabi. Haka nan haruffanmu masu lanƙwasa: fayil ɗin da aka adana da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, idan aka buɗe shi da wani tsohon tsari, sai kowace ƙ da ɗ da ɓ ta rikiɗe ta zama baƙin haruffa biyu marasa ma'ana, kuma ko an tsira daga wannan, Ƙaraye da Karaye a wurin na'ura garuruwa biyu ne, ba za ta haɗa sahunsu ba sai an daidaita rubutun.

Akwai kuma wata fitina da ke zuwa daga kyakkyawar niyya. Manhajojin lissafi irin su Excel, don su sauƙaƙa wa mai aiki, sukan yi hasashen nau'in abin da aka zuba musu, su gyara shi ba tare da neman izini ba. Lambar wayar Nijeriya mai alƙaluma 11 da ke farawa da sifiri, da zarar an ɗauke ta a matsayin adadi sai sifirin ya faɗi; lambar da ta wuce alƙaluma 15, kamar ta katin banki mai 16, sai a mai da na ƙarshenta sifiri, kuma idan an adana fayil ɗin a haka, asalin ya tafi ke nan. Masana ƙwayoyin halittar gado sun sha wannan ɗaci, domin sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 manhajar takan ɗauke su kwanan wata ne na Satumba da Maris. Wani bincike da Mark Ziemann da abokansa suka wallafa a 2016 ya samu irin wannan tahrifi a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka duba masu ɗauke da irin waɗannan fayiloli, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya canza wa wasu suna, MARCH1 ya koma MARCHF1. A shekarar nan dai, a tsakiyar annobar korona, Hukumar Lafiyar Jama'a ta Ingila ta riƙa zuba sakamakon gwaji cikin tsohuwar siffar fayil ta XLS, wadda ba ta ɗaukar fiye da sahu 65,536, abin da ya haura haka kuwa ya zube ba sanarwa, sai da mutum 15,841 da suka kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba suka ɓace daga ƙidaya na ɗan lokaci, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Wannan ya shafi rayuka, ba takarda kawai ba. Ihtiyaɗi shi ne kada a buɗe CSV da danna shi sau biyu, a shigo da shi ta ƙofar shigo da bayanai, a ayyana wa kowane ginshiƙi nau'insa, duk lambar da ba a tarawa ko a ɗebewa kuma a ce rubutu ce.

Malaman hadisi sun riga mu sanin cewa kwafi ba ya zama abin dogaro sai an yi masa muƙabala da asalinsa. Ibnus Salahi, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 643 bayan Hijira, ya yi tafsilin wannan a littafinsa na ilimin hadisi, har ya kawo al'adar barin da'ira wayam tsakanin hadisi da hadisi, sai an gama muƙabala a ɗiga mata ɗigo a tsakiya, don wanda ya zo daga baya ya san inda aka tantance. Muƙabalar jadawali ba ta da wuya ga wanda ya ɗauke ta wajibi: a ƙidaya sahu a asali da kwafi, idan jadawalin ƙananan hukumomin Nijeriya ne a tabbata sun cika 774, a tara kowane ginshiƙi a gwada da jimillar da mawallafin ya buga a ƙasa, tare da lura kada sahun jimillar kansa ya shiga cikin tarawar ya ninka lissafi, a duba sahun farko da na ƙarshe da ido, gama a gefuna ne zaɓi ya fi zamewa. Sa'an nan a bar asalin yadda aka same shi, kada a taɓa shi, a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka ɗauko, domin shafukan intanet suna canzawa, kuma adadin da ba shi da isnadi ba a kafa hujja da shi.

A nan ne fifikon rubutaccen umarni a kan jan linzami yake bayyana, domin abin da hannu ya yi ba ya barin sawu, amma umarnin da aka rubuta ana iya karanta shi, a soke shi, a gyara, a sake gudanar da shi badi idan sabon jadawali ya fito. A harshen Python akwai taskar pandas, wadda Wes McKinney ya fara rubutawa a 2008, mai iya karanta shafin intanet ta zaro dukan jadawalan da ke cikinsa a jere, saboda a harshen HTML kowane sahu da kowane gurbi yana da alamar buɗewa da rufewa. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne wuraren da mawallafi ya yi wa ido adalci ya ƙuntata wa na'ura, kamar sunan jiha da aka rubuta sau ɗaya a haɗaɗɗen gurbi alhali ya shafi sahu ashirin, ko 'yar alamar hashiya da ta manne wa adadi ta mai da shi rubutu, ko karan da aka ja a gurbi, wanda a wani jadawalin yana nufin sifiri, a wani kuma yana nufin ba a samu labari ba. Na ƙarshen nan ya fi damuna, domin wanda ya mai da rashin sani sifiri ya shaidi cewa wani gari ba shi da asibiti ko ɗaya, alhali iyakar abin da ya faru shi ne ba a je an ƙidaya ba.

Fayil ɗin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, sha'aninsa daban ne, kuma shi ne siffar da ma'aikatu suka fi son wallafa kasafin kuɗi da rahotanni da ita. An ƙirƙire shi ne don shafi ya fito da kama ɗaya a kowace na'ura da kowace maɗaba'a, saboda haka abin da ke cikinsa galibi umarni ne na zane, a sa wannan harafi a nan, a ja wancan layi daga can zuwa can. Jadawalin kuwa a idon mai kallo kaɗai yake haɗuwa. Don haka duk manhajar da ke ciro shi, kirdado take yi. Tabula, wadda Manuel Aristarán ɗan Ajantina ya fitar tare da wasu 'yan jarida a 2013, hanya biyu take bi: idan akwai zanannun layuka sai ta bi su ta gano ɗakunan, idan babu sai ta bi fararen hanyoyin da ke ratsawa tsakanin ginshiƙai. Ta farkon ta fi aminci. Ta biyun takan ruɗe idan bayanin wani gurbi ya yi tsawo ya gangara layi na biyu, sai ta ɗauke shi sabon sahu, haka kuma kan jadawalin da ake maimaitawa a saman kowane shafi yakan kutsa tsakiyar bayanai sai an bi an tsince shi. Da ma'aikatun nan za su riƙa ajiye CSV a gefen kowane PDF, alhali daga jadawalin lissafi suka fitar da shi tun asali, da sun hutar da ɗalibai da 'yan jarida daga wahalar da ba ta da dalili.

Mataki mafi wuya shi ne inda shafin hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a cikinsa da na'ura ta sani. Manhajojin gane rubutu, irin su Tesseract da aka fara a kamfanin HP a shekarun 1980 aka kuma sake ta kyauta a 2005, suna yin abin kirki da bugun maɗaba'a mai tsabta, ko da yake sukan rikita 1 da 7, ko sifiri da harafin O. Amma rubutun hannu a takardar da aka ɗauka hoto a karkace, cikin ƙarancin haske, ba a sakar musu shi. Misalin da ke kusa da mu shi ne zaɓen Nijeriya na 2023, lokacin da hukumar zaɓe ta ƙasa ta riƙa ɗora hotunan takardar sakamako ta EC8A a shafinta na IReV, a ƙasar da ke da rumfunan zaɓe 176,846, duk mai son tara waɗannan alƙaluma da kansa kuwa sai ya mai da hoto adadi tukuna. Hanyar da masu ƙidaya suka daɗe da amincewa da ita a irin wannan aiki ita ce shigarwa sau biyu: mutum biyu, kowanne a keɓe ba ya ganin aikin ɗan'uwansa, su shigar da takarda ɗaya, sa'an nan na'ura ta gwada kwafin biyu gurbi da gurbi, duk inda suka saɓa a kai wa na uku ya koma ga hoton ya yanke hukunci. Takardar kanta tana taimakawa, domin ana rubuta ƙuri'un kowace jam'iyya da alƙaluma da kuma kalmomi, akwai kuma jimillar ƙuri'u masu kyau da za a gwada tarin da ita. Inda hoton ya dushe har duka biyun ba su karantu ba, sai a bar gurbin wayam, a rubuta lambar rumfar da dalilin barinsa a wani ginshiƙi na daban.